Kurege da Burgamin Madugu

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taso da kayanta.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta sauke.

To, ku gyara zama. A tura wancan icen cikin wuta.

Ranar Talata ce, sha huɗu ga watan Afrilu, da ƙarfe bakwai da kwata na safe, Zabuwa ta je shan ruwa a Tafkin Farar Ƙasa. Ta sa baki, ta ɗago da taɓo. Ta matsa gaba ta sake sawa, ta sake ɗagowa da taɓo. Sai ta ruga tana kururuwa, ta tara dabbobin da ke zaune a bakin tafkin. Dama su tara suka rage, masu dogayen ƙafafu, ban da Barewa, sun watse tun watan jiya.

Babbansu shi ne Baba Gadu. Tsoho ne, mummuna, haurensa ɗaya ya karye, kuma ba ya son yawan magana. Sau huɗu yana kai ayari Gulbin Dargaza a shekarun fari, ba a taɓa rasa kowa a hannunsa ba. Ya dubi taɓon, ya dubi sama, ya ce, "Tafiyar kwana bakwai ce. Kowa ya ɗaure guzuri."

Suna da wata al'ada. In za a tashi, sai kowa ya raba guzurinsa uku, ya zuba kashi ɗaya a wani burgami na fatar akuya, madugu ya rataya. Aka shimfiɗa burgami, aka yi ta zubawa: gyaɗa, aya, busasshiyar magarya, kanya. Da ya cika aka ɗaure bakinsa. Inna Bushiya, wadda ta girmi kowa ban da Kunkuru, ta miƙe ta faɗi abin da ake faɗa kowane tashi.

"Ba a buɗe shi sai jakar wani ta ƙare. Madugun da ya ci abin da ke ciki, a ɗaure shi a zango, a wuce."

Kurege yana wurin, amma bai kula da ko kalma ɗaya ba. Idonsa na kan burgami. Ya ga yadda ya yi tumbi, ya ga yadda yake lilo a kafaɗar Baba Gadu, ya haɗiyi yawu. Ya ce a ransa, ashe wannan ita ce sarautar. A tara maka, ka rataya, kowa na kallo, ba mai cewa uffan.

Aka kama hanya. Barewa a gaba, Zomo na bin ta, sai Zabuwa, sai Gafiya, sai Damo, sai Kurege. Can baya Kunkuru da Inna Bushiya. Bayansu kuma, a ƙarshen kowa, Baba Gadu yana tafe yana waiwaye. In an yi nisa sai ya ce a tsaya a jira. In an sauka sai ya ƙirga su, ɗaya, biyu, har tara. In an sami ɗan ruwa a kogon dutse, sai kowa ya sha sannan ya sha.

Ranar Laraba da rana tsaka, ana jiran Inna Bushiya karo na shida, Kurege ya matsa kusa da Barewa.

"Yaya Barewa, ke da kin saki ƙafa, ai da yanzu kina wanka a gulbi."

"Ka bari kawai," in ji Barewa.

Ya matsa kusa da Zabuwa. "Ke kin taɓa ganin shugaba a bayan mutane? Shi ke bin mu ko mu ke bin sa?"

"Wallahi ni ma na yi wannan tunani," in ji Zabuwa, wadda ba ta taɓa yin sa ba.

Kafin tsofaffin su iso, maganar ta zagaya. Kurege ya hau kan wani kututture ya ce hanyar nan ba ta kai kwana bakwai ba, tsufa ne ya miƙe ta. Ya ce shi in an ba shi ayarin, kwana uku sun isa. Ya ce me ya sa za a riƙa cin abinci kamar ana jin tsoronsa? Kowa ya ci ya ƙoshi, gulbi na kusa. Kurege dai bai taɓa wuce gonar da ke bakin tafki ba, amma muryarsa na da daɗi, kuma rana na da zafi.

Baba Gadu ya iso ya tsaya ya saurara har aka gama. Bai yi musu ba. Ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya wa suke so ya zama madugu, shida suka ce Kurege. Ya sauke burgami ya miƙa masa.

"Ɗan nan, ka riƙa ƙirga su safe da yamma. In an sami ruwa kuma..."

"Baba, an gode, an gode. Ka huta."

Kurege ya rataya burgami, ya kusa kifewa, ya gyara tsayuwa. Ya wuce gaban Barewa yana kaɗa wutsiya. Zabuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, Madugu!" Ya ji kamar an zuba masa zuma a kunne.

Ba a yi tafiyar sa'a guda ba ya ɗaga hannu. "Ku dakata nan. Zan je duba hanya."

Ya zagaya bayan wani suri, ya kwance bakin burgami, ya ci gyaɗa cike da hannu biyu. Ya dubi burgami, ya ga ya ɗan lotse. Sai ya ɗebi tsakuwa cike da hannu biyu ya zuba, ya ɗaure. Ya dawo yana goge baki.

"Yaya hanya, Madugu?"

"Lafiya lau. Mu je."

Da la'asar ya sake cewa, "Zan je duba hanya." Ya ci aya, ya zuba tsakuwa. Ranar Alhamis ya duba hanya sau biyar. Zomo ya ce bai taɓa ganin madugu mai kula irin wannan ba. Su ma sauran suna ta ci suna ƙoshi, tunda an ce musu gulbi na kusa.

Sai dai tsakuwa ba gyaɗa ba ce. Kullum burgami na ƙara nauyi. Ranar Alhamis da yamma Barewa ta wuce Kurege. Ranar Juma'a da safe Zomo da Zabuwa suka wuce shi. Da azahar Damo ya wuce shi yana masa sannu. Igiyar burgami ta ci masa kafaɗa har ta yi jini. Kafin la'asar sai ga Madugu a can baya, tsakanin Kunkuru da Inna Bushiya, yana haki, harshe a waje.

"Madugu ya sauko wajen talakawa," in ji Inna Bushiya.

"Inna, zuwa na yi in ga lafiyarku."

"Allah ya yi albarka. Kai ma ka ga taka."

Baba Gadu na nan a ƙarshen kowa, inda yake tun farko, ko da yake ba shi da sarauta yanzu. Ya rame. Yana tafe yana waiwaye. Kurege ya ce bari shi ma ya waiwaya ya ga abin da tsohon nan ke kallo kullum. Ya waiwaya. Can nesa, tsakanin bishiyoyin ƙaya, sai ya ga wata dabba mai dabbare-dabbare tana tafe a hankali, kafaɗa sama, gindi ƙasa. In sun tsaya ta tsaya. In sun tafi ta tafi.

"Baba," ya ce da ƙaramar murya, "wancan ba Kura ba ce?"

"Ita ce."

"Tun yaushe?"

"Tun Talata."

"Me take jira?"

"Wanda za a bari."

Kurege ya taɓa burgamin da ke kafaɗarsa. A ranar ne maganar Inna Bushiya, wadda bai saurara ba, ta dawo masa kalma kalma. A ɗaure shi a zango, a wuce. Ya yi niyyar daina duba hanya. Ya duba sau ɗaya kawai kafin magariba, don ya ga abin da ya saura. Gyaɗa bakwai suka saura. Ya ce bakwai ba za su ceci kowa ba, ya cinye su.

Ranar Asabar, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, aka sauka a gindin wata busasshiyar kuka. Babu gulbi, babu alamar gulbi. Zabuwa ta zazzage jakarta, ƙura ta fito. Zomo ya zazzage tasa. Gafiya ta shiga cikin tata gaba ɗaya ta fito da ɓawo.

"Madugu," in ji Barewa, "kwana ukunka sun cika. A buɗe burgami."

"A buɗe, a buɗe," in ji Kurege. "Yanzu kuwa." Ya kama igiya kamar zai kwance, ya saki. "Haba jama'a. A raba abinci ba a ƙirga mutane ba? Ku jeru."

Neman lokaci yake yi. Tunda ya karɓi burgami bai taɓa ƙirga kowa ba. Ya fara a hankali, yana jan kowane suna. Barewa, ɗaya. Zomo, biyu. Zabuwa, Gafiya, Damo, Kunkuru. Da shi kansa, bakwai. Ya sake ƙirgawa. Bakwai.

"Ina Baba Gadu? Ina Inna?"

Kowa ya dubi ɗan'uwansa.

Sai dabara ta faɗo wa Kurege. Ya ce a ransa, in koma baya da sunan nema, in jefa burgamin nan a wani rami, in ce ya faɗi. Ya ɗaga murya ya ce, "Madugu ba ya cin abinci mutanensa na daji! Ku jira ni." Ya ja burgami ya koma ta inda suka fito. Sauran suka ji kunya, suka biyo shi daga nesa, bai sani ba.

Bai sami rami ba. Abin da ya samu shi ne Inna Bushiya a tsakiyar hanya, ƙafafunta sun fashe, ta dunƙule. Baba Gadu na tsaye a kanta, ya sunkuyar da kai ya nuna haurensa guda. Kura na zagaya su tana dariya.

"Tsoho, ka gaji," in ji Kura. "Kwana biyar kana hana ni. Kauce in ɗauki 'yar ƙayar nan, kai in bar ka zuwa gobe."

Baba Gadu bai kauce ba.

Kurege ya so ya juya. Amma juyawa da burgamin tsakuwa ba abu ne mai sauri ba, Kura kuwa ta riga ta gan shi. Ya dubi bakinta, ya ga faɗinsa. Ya dubi burgami. Ya ce a ransa, ga rami ya zo da ƙafarsa.

"Gwaggo! Barka da yamma, Gwaggo!"

"Wane ne gwaggonka?"

"Ni ne sabon madugu. Tun Laraba nake neman hanyar kawo miki gaisuwa, tsofaffin nan suka tare hanya. Me za ki yi da ƙaya da tsohon ƙashi? Ga burgamin ayari. Shinshina ki ji."

Kura ta shinshina. Fatar akuya ce, ta sha rana, ta sha gumin kafaɗa da jini. Yawu ya zubo mata.

"Me ke ciki?"

"Kitse ne, Gwaggo, curi curi. Ɗaga ki ji nauyi. Abu ɗaya nake roƙo: haɗiye shi gaba ɗaya. Kada ki tauna, zai tsiyaye a ƙasa a yi asara."

Da Kura ta haɗiye, da labarin ya ƙare nan, babu burgami, babu shaida. Amma ta harare shi ta ce, "Kai ɗan mitsitsi, ni za ka koya wa cin abinci?" Ta wage baki, ta cusa burgami, ta datse da duk ƙarfin da Allah ya ba ta.

Ƙarar ta kai har gindin kuka. Kura ta yi tsalle sama, ta faɗo, ta tofar. Tsakuwa ta watsu a hanya, fari fari a cikinta, haƙora ne. Damo ya ƙirga su daga baya, goma sha tara. Kura ta kama baki da hannu biyu ta ruga daji tana wani kuka da ba a taɓa jin irinsa ba.

Sauran dabbobin suka fito da gudu suna guɗa. Zabuwa na cewa, "Madugu ya ba da abincinmu don ya ceci Inna! Madugu..." Sai ta taka tsakuwa. Ta duba ƙasa. Kowa ya duba ƙasa.

"Madugu," in ji Barewa, "mene ne wannan?"

"Shiri ne," in ji Kurege. "Tun ran da na karɓi ayarin nan na san Kura na biye da mu. Kwana uku ina ɗauke da duwatsu saboda ku. Dubi kafaɗata."

"To gyaɗar fa?" in ji Zabuwa.

"Ai dole in sama wa tsakuwa wuri. Ina kuke so in zuba gyaɗar? Jaka ɗaya ce ta rage mini." Ya shafa cikinsa.

Ba wanda ya yi dariya sai Kunkuru, shi ma ya mai da kai ciki. Gafiya ta kwance igiyar jakarta. Aka kai Kurege gindin kuka aka fara naɗe shi. Ya dubi dajin da Kura ta shiga. Haƙoranta sun zube, amma cin kurege ba ya buƙatar tauna mai yawa.

"Ku ɗaure, ku ɗaure, na cancanta," in ji shi. "Tambaya ɗaya kawai. Inna ba ta iya taka ƙasa. Saura kwana biyu. Wa zai goya ta?"

Aka dubi Inna Bushiya. Aka dubi ƙayarta.

"Yaya Barewa, bayanki ne mafi faɗi."

"Ni ina da ciwon baya," in ji Barewa.

"Zomo?"

Zomo ya ce fatarsa ba ta da kauri. Damo ya ce shi a ƙasa yake jan ciki. Zabuwa ta shiga gyaran gashinta.

"Ni na saba da kaya," in ji Kurege.

Sai aka juya wajen Baba Gadu. Ba wanda ya mai da masa sarauta, babu ma burgamin da za a rataya masa. Kawai dai aka juya wajensa.

"Mu nawa muka tashi?" ya ce.

"Tara."

"Tara za mu isa. Ku kwance shi."

Daga nan ya jawo tasa jakar ya zazzage a kan wani faffaɗan dutse. Ta kusa cika. Gyaɗa, aya, saiwoyin da ya tona a hanya.

"Tun Alhamis na ji burgami na ƙara a bayan yaron nan," in ji shi. "Gyaɗa ba ta irin wannan ƙara. Sai na rage ci."

"Baba, me ya hana ka faɗa?" in ji Barewa.

"Da na faɗa ran Alhamis, da kun ɗaure shi ran Alhamis. Gyaɗa ba ta dawo ba, Kura kuma ta gane ayarin nan yana barin nama a baya."

Ya raba abincin a hankali, na yau, na gobe, na jibi. Kurege, wanda yanzu ƙirga ta kama shi, ya ƙirga kason. Takwas ne.

"Baba, naka fa?"

"Na ci a hanya."

Kurege ya san ƙarya in ya ji ta, sana'arsa ce. Ya ware gyaɗa uku daga kasonsa don ya kai wa tsohon. Tsakanin dutsen da inda Baba Gadu ke kwance taku goma ne. Kafin ya isa, biyu sun shige bakinsa, shi ma bai san yadda aka yi ba. Ya miƙa ɗayar. Baba Gadu ya dube ta, ya dube shi, ya karɓa ya ci.

Lahadi da Litinin Kurege ya goya Inna Bushiya. Kowane taku sai ƙaya ta shige shi.

"Sannu, Madugu," in ji ta. "Ko za ka sauke ni ka je duba hanya?"

"Inna, don Allah."

"Ai na ga ka daina ne. Na ce ko hanyar ta gyaru."

Suna tafe a baya, Baba Gadu na bayansu. Yanzu su biyu ke waiwaye.

Ranar Litinin, ashirin ga wata, da ƙarfe biyar saura minti ashirin na yamma, suka hango Gulbin Dargaza. Kwana bakwai cif. Barewa ta yi tsalle ta faɗa ruwa, Zabuwa na biye tana ihu. Baba Gadu ya tsaya a kan gaɓa yana ƙirga su suna sha. Da na takwas ya ɗago kai, sai ya gangara ya sha nasa, kaɗan. Ya hau ya kwanta a inuwar wani gawo, fuskarsa na kallon hanyar da suka fito. Suka ce a bar shi ya huta. Da aka je tashinsa, bai tashi ba.

Suka tona masa rami a gindin gawon. Kurege ne ya fi kowa tono.

Da damina ta sauka, aka fara maganar komawa gida, aka ce sai an naɗa madugu. Aka ɗinka sabon burgami. Zabuwa ta ce, "Ga Kurege, ai shi ya san aikin ciki da waje." Kurege ya dubi burgamin, ya taɓa kafaɗarsa, ya faɗa rami, bai fito ba sai bayan kwana uku. Amma abu ɗaya ya bi shi har zuriyarsa. Ku lura da kurege in yana gudu. Ba ya nisa sai ya tsaya, ya miƙe a kan ƙafa biyu, ya waiwaya. Ƙirga yake yi.

Ƙurunƙus kan tsakuwa. Darasin kuwa shi ne, in za ku naɗa madugu, ku girgiza jakarsa kafin ku saurari bakinsa. In kuma kai ne za ka ci abin da aka ba ka ajiya, to ka zuba yashi, shi ba ya ƙara.

Ga waɗanda suka saura a bakin gulbi, kamar yadda aka ƙirga su ranar Talata da safe: Barewa, da ciwon bayanta wanda ya warke a take. Zomo. Zabuwa. Gafiya, da igiyarta. Damo. Kunkuru. Inna Bushiya, wadda ta sake taka ƙasa bayan mako biyu. Kurege, da huda ɗari da 'yan kai a bayansa.

Takwas ke nan. Kurege ya sake ƙirgawa.